Shamuwar Hasiya

Talata, 26 ga Agusta, da hantsi

Ina sanar da duk wanda abin ya shafa, cikin jimami da girmamawa, cewa daga yau an sauke ni, Malam Illo, malamin tarihi, daga kujerata ta gindin dogon yaro. Ba a yi zaɓe ba, ba a karanta sanarwa a rediyo ba. Wadda ta gaje ni baƙa ce mai farin ƙirji, ƙafafunta kamar karan dawa, kuma ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa ba.

Iskar da ta zo gaban ruwan jiya ce ta kakkaɓo ƴar shamuwa daga sheƙa. Da na dawo masallaci na tarar da ita ƙarƙashin kujerar, fiffike ɗaya yana jan ƙasa. Na tsaya ina tunanin abin da littattafai suka ce a yi. Ba su ce komai ba. A Madarunfa ba a jifan shamuwa, ba a kama ta, ba a cin ta. Ita ke riga damina zuwa ta gaya wa manomi ya gyara hauyarsa, gidan da ta yi sheƙa kuma ana ganin ya dace. Duk an koya mana wannan tun muna yara. Abin da ba a koya mana ba shi ne abin da ake yi in ta faɗo.

Ina nan tsaye sai na ji motsin ƙofar ɗaki. Hasiya ce, matata. Ta zo ta wuce ni, ta cire mayafinta ta lulluɓe tsuntsuwar, ta ɗauke ta kamar jinjiri. Ta ce, "Malam, ja kujerarka. Nan za ta zauna."

Na ja. Tun ranar da muka rasa ɗiyarmu, ba ta yi mini magana mai tsawon wannan ba. Tun ranar kuma ba ta taka tsakar gida ba sai in alwala ce ta fito da ita.

Talata, da la'asar

Na kira Daniyel a talho. Likitan dabbobi ne, ɗan Maradi, ɗan wani mai wa'azin coci, kuma tsohon ɗalibina wanda bai taɓa riƙe shekarar yaƙi ko ɗaya a kansa ba. Cikin mako yana bin shanu da allura daga Safo har Gabi. Ran Asabar kuwa yana da ɗan shago a Maradi inda yake wa karnukan manyan mutane wanka da sabulu mai ƙamshi, yana yanke wa kyanwoyinsu farce. Na taɓa tambayarsa ko karnukan suna neman madubi in an gama.

Ya jingine motonsa a zaure ya ce, "Malam, ina mai jinyar?"

Na ce, "Ga ta can a fadata. Ka cire takalmi."

Ya durƙusa ya gai da Hasiya, ya karɓi tsuntsuwar ya bi fiffiken da yatsu a hankali, yana mata ƴar magana ƙasa-ƙasa. Hannun da ke kada bijimi ne, amma ko motsi ba ta yi ba. Ya ce ƙashin ya karye amma bai ɓullo ba. Ya ce, "Yarinya ce, Inna, ƙashin yara ba ya wuyar kamawa." Sai ya dube ni. Hasiya ba ta ɗaga kai ba.

Ya naɗe fiffiken ya ɗaure shi da jikinta da farin ƙyallen likita. Ya ce a ba ta fara da ƙananan kifi da kwaɗi, ban da tsaba, don ba kaza ba ce.

Hasiya ta ce, "Za ta tashi kafin ƴan'uwanta su tahi?"

"In Allah ya yarda. In kuma bai kama ba, na san wani a gidan namun daji na birni, sai su karɓe ta."

"Ba ta zuwa gidan kallo."

Daniyel ya ce to. Ni ma na ce to, ko da yake ba a tambaye ni ba.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan magariba

Shamuwa ta ci fara. Hasiya ta ci tuwo.

Asabar, 30 ga Agusta, da yamma

Rediyo ya kawo labarin wani gidan namun daji a wani birnin Turai. Giwarsu ta yi ciwon haƙori, an tara likitoci, an sa ta barci an cire, yanzu mutanen birnin suna ta aiko mata da takardun gaisuwa. Ba a ce ko ta ba da amsa ba. Na yi dariya har na juya zan kira yarinyar nan ta zo ta ji, don irin labarinta ne.

Sai na rage muryar rediyon.

Ya kamata kuma in rubuta, saboda adalci ga Turawa, cewa mutumin da ya yi musu dariya ya wuni a gonar Garba yana bin fara da hula. Garba maƙwabcina ne, masunci kuma manomi, tun muna yara bai bar ni na sha iska ba. Ya tsaya kan amalankensa yana kallona ya ce, "Malam, ashe ƙarshen karatun ke nan? Da ka faɗa mini da tuni na ba ka digiri a nan."

Na ce masa bincike nake yi.

Ya ce, "Binciken ga shi can ya tashi ya koma gonar Zakari."

Talata, 2 ga Satumba, da safe

An sallame ni daga aikin fara. Hasiya ta ce nawa a murƙushe suke zuwa, tsuntsuwar ba ta son su. Yau da sanyin safiya ta ɗauki ƙwarya ta zaga bayan gida da kanta, lokacin da raɓa ta jiƙa musu fiffike ba su iya tashi. Ta tsinto su kamar mai tsinkar yakuwa. Ni da na karanta yaƙe-yaƙen duniya ban taɓa tunanin a kai wa abokin gaba hari kafin ya shanya rigarsa ba.

Bayan gida ba nisa ba ne. Amma waje ne.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan magariba

An yi sadakar arba'in. An raba waina da gumba, malamai sun yi addu'a, an shafa, an watse.

Mata sun cika tsakar gida, suna kaucewa shamuwar da ke yawo tsakaninsu da ɗaurinta kamar wata mai duba aiki. Na ji Hajiya, yayar Hasiya, tana cewa, "Kun ga mai kunya. Ɗiyar fari ce, ko hawaye ba ta bari an gani ba." Sauran suka ce wallahi haka ne, Allah ya ƙara haƙuri.

Gaskiya suka faɗa. Mu nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta yabonsa. Ranar da yarinyar nan ta ci jarrabawar shiga jami'a, gari duk ya zo barka, uwarta ta ce "to" ta koma bakin murhu. Ni ne na san cewa a ranar gishiri sau biyu ta zuba a miya. Ni ma ban fi ta ba. Na iya tsayawa gaban aji in yi bayanin al'adun mutanen da ban taɓa gani ba, amma ga shi ko a nan, inda ba mai gani, bik ɗina ya ƙi rubuta sunan.

Bayan baƙi sun tafi na ji murya a gindin dogon yaro. Hasiya ce zaune a tabarma, tsuntsuwar a gabanta. Tana cewa, "Ci mana, ƴar nan. Dubi yadda kika rame. Wa ya taɓa mini ke? Haɗiye, yauwa, ƴar albarka."

Ban san tana da waɗannan kalmomin ba. Ashe suna nan ajiye, ba a dai ba ta inda za ta sa su ba. Na koma zaure na zauna har aka kira magariba.

Lahadi, 7 ga Satumba, da rana

An yi ruwa. Ƙofar ɗakin kudu, ɗakin yarinyar nan, tana nan rufe. Takalmanta suna bakin ƙofa inda aka bar su, sun jiƙe, ba wanda ya ɗauke.

Laraba, 10 ga Satumba, da azahar

Hasiya ta je bakin tafki.

Sai in sake rubutawa, don na ji daɗin rubuta shi. Hasiya ta yafa mayafi, ta bi ta zaure, ta ratsa unguwa, ta je bakin tafki neman ƙananan kifin da masunta ke zubarwa. Garba ya ce da ya hango ta sai da ya kusa sakin koma. Ya ce ta zauna ta zaɓi kifi ɗaya-ɗaya kamar mai zaɓen zanen sallah, wannan ya cika ƙaya, wancan ya kwana. Ya ce, "Malam, ko kai ba a zaɓa maka haka."

Na ce ni ba ni da karaya.

Ya dube ni ya ce, "Haka ne." Daga nan ya kama zancen gero.

Ta dawo ƙafafunta duk laka, ta tarar na bar tsuntsuwar a rana ina karatu. Ta yi mini faɗa sosai, har da batun wata tukunya da na fasa bara. Na sunkuyar da kai kamar mai nadama. Rabon da in ji daɗin wani abu irin na faɗan nan, na manta.

Litinin, 15 ga Satumba, da safe

Manyan shamuwar suna leƙowa daga sheƙa, su dubi ƴarsu, su dubi Hasiya, su yi kashi a kan kujerata. Na ɗauki wannan a matsayin godiya.

Asabar, 20 ga Satumba, da yamma

Daniyel ya biyo daga shagonsa yana ƙamshin sabulun kare. Ya ce yau wata mata ta kawo masa aku wai ya daina magana tun da mijinta ya yi tafiya. Na tambaye shi ko ya duba matar.

Ya kwance ƙyallen. Tsuntsuwar ta tsaya jim, ta miƙe fiffiken a hankali, ta naɗe, ta sake miƙewa, ta kaɗa har ƙura ta tashi. Hasiya ta kama baki. Daniyel ya ce ya kama, a bar ta ta yi ta gwadawa.

Da na raka shi zaure muka shiga hirar gidan namun daji. Na tambaye shi yadda suke hana manyan tsuntsaye gudu, tun da na ji ba duka ake sa wa keji ba. Ya ce ana rage musu gashin fiffike ɗaya ne, kamar yadda muke yi wa tantabara sabuwar saye har ta saba da gida. Ya ce ba ciwo, kamar aski ne.

Tambaya ce kawai na yi.

Litinin, 22 ga Satumba, bayan la'asar

An fara yankan gero. Shamuwa sun fara taruwa a gonakin bakin tafki, garke-garke, suna tsaye suna kallon kudu. Kowa ya san ma'anar wannan. An kuma aiko cewa farkon wata mai zuwa za a koma lakwal, hutun makaranta ya ƙare.

Bari in faɗa a fili, tun da ba mai ji. Tsuntsuwar nan ce ke fito da Hasiya daga ɗaki. Don ita take tashi, don ita take fita, in ta ci ita ma ta ci. In ta bi ƴan'uwanta, ni kuma na koma aji daga safe har azahar, gidan nan zai zama daga Hasiya sai ƙofar ɗakin kudu. Za ta koma ɗaki. Na ga yadda take a ɗakin nan, fuska ga bango. Ba zan iya sake gani ba.

Laraba, 24 ga Satumba, da hantsi

Tsuntsuwar ta tashi har kan katanga. Hasiya ta tafa. Ni ban tafa ba.

Alhamis, 25 ga Satumba, da azahar

Na sami Daniyel a bakin kasuwar dabbobi yana duba bakin wata tunkiya. Na ja shi gefe na faɗa masa abin da nake so.

Ya goge hannu ya ce, "Malam, Inna ta sani?"

"Ba sai ta sani ba. Gashi kaɗan ne, za ta ɗauka fiffiken ne bai gama ƙwari ba."

"To ni ban iya ba."

"Kai da kake yanke wa kyanwa farce?"

"Kyanwar ba ta da tafiya a gabanta, Malam. In na rage yanzu, kafin gashin ya fito ƴan'uwanta sun yi nisa. Nan za ta yi rani ita kaɗai, ba fara, ba kwaɗo. Ban ce za ta kai damina ba."

Na ce masa ni ina zancen mutum, shi yana zancen tsuntsu.

Ya ce, "Ni ma Innar nake tunani."

Na tuna masa cewa da hannuna na taɓa ba shi sifili. Ya ce ya tuna, ya kuma cancanta. Ya raka ni har bakin hanya da ladabi, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Asabar, 27 ga Satumba, da la'asar

Hasiya ta tafi tafki bayan azahar. Na ɗauko almakashinta na ɗinki.

Ban san haka shamuwa take da ƙarfi ba. A hannun Hasiya kamar ƙullin auduga take. A nawa kuwa ta zama duk gwiwa da baki. Na danne ta da hannu ɗaya, na ware fiffiken, sai ta juyo ta sare ni tsakanin babban yatsa da manuni. Na sake ta, ta haye katanga. Ko gashi ɗaya ban yanka ba.

Ina tsaye jini yana ɗiga a rigata sai ga Hasiya da ƙwaryar kifi. Ta dubi tsuntsuwar, ta dubi hannuna.

"Malam, mi kake yi?"

"Fiffiken nake dubawa."

"Da almakashina?"

Na buɗe baki in kawo wani bayani. Shekara da shekaru bayani ne sana'ata, amma ban sami ko ɗaya ba. Na ce, "Don ke nake yi."

Ta ce, "Na sani."

Ta ajiye ƙwaryar, ta karɓi almakashin, ta zaunar da ni. Ta wanke ciwon da ruwan gishiri, ta ɗauko ragowar ƙyallen tsuntsuwar ta shiga naɗa mini. Tana naɗawa tana magana, ba ta dube ni ba.

"Ranar da waccan za ta tahi, kai ka kai ta tasha. Ni kunya ta hana ni ko zaure in fito. Daga bakin murhu na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ko juyo ba. Ban san wace riga ta sa ba, Malam, sai da na tambayi Hajiya." Ta ƙulle ƙyallen. "Wagga ni zan sallame ta. Ina tsaye, ina kallo. Kada ka hana ni."

Ta tashi ta je ta ba tsuntsuwar kifi.

Lahadi, 28 ga Satumba

Ba ta yi mini magana ba. Amma ta sa mini man shanu a tuwo.

Talata, 30 ga Satumba, da yamma

Labari ya zaga unguwa, ban san ta ina ba. Garba ya zo duba ni da fuskar ta'aziyya. Ya ce, "Kakanninmu sun ce ba a taɓa shamuwa, ba su faɗi dalili ba. Mun gode, Malam, ka je ka binciko mana."

Daniyel ya zo ya duba hannun. Ya ce zai warke, amma ƙashin manya ya fi wuyar sha'ani. Bai ce komai ba game da ranar Alhamis. Yaron nan ya fi sifilin da na ba shi.

Tsuntsuwar yanzu a kan dogon yaro take kwana. Da safe ta sauko ta ci, ta tafi gonaki da sauran, ta dawo da yamma. In ta gan ni sai ta koma bayan Hasiya.

Asabar, 4 ga Oktoba, da hantsi

Sun tafi.

Tun da rana ta ɗan ɗaga muka ga suna tashi daga bakin tafki, suna kewayawa sama-sama ba tare da kaɗa fiffike ba, garke yana haɗuwa da garke. Tamu tana kan katanga. Hasiya ta miƙa mata kifi ta ci, ta miƙa wani ta ƙi. Ta ɗaga kai tana kallon sama da ido ɗaya.

Hasiya ta ce, "Tashi mana, ƴar nan. Kada su bar ki."

Ta ɗan durƙusa, ta tashi. Ta bi ta kan rumbun Garba, fiffiken hagu yana ɗan karkacewa, ta yi sama. Hasiya ta fita zaure, ta fita ƙofar gida, ta tsaya tsakiyar hanya ba mayafi, hannu a goshi. Na bi ta da mayafin. Ni tuni na kasa gane tamu cikin sauran. Ita ta ce tana ganinta, ga ta can, ta gefe. Ta yi ta kallo har sama ta zama ba komai. Hawaye yana zuba, mutane suna wucewa, ba ta share ba.

Sai ta ce, "Jamila ce ke fara ganinsu kowace shekara. Ita ke shigowa da gudu ta ce sun zo."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai taka sabuwar ƙasa.

Jamila. Ga shi ni ma na rubuta.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da yamma

Gidan shiru. Na guga rigar aiki. Gobe.

Litinin, 6 ga Oktoba, da azahar

Ban san abin da na koyar yau ba. Da aka tashi na taho gida da sauri har Garba ya tambaye ni ko shamuwa ce ta biyo ni. Na tsaya a zaure na saurara, ina jiran in ji shirun nan da na sani.

Tsintsiya na ji.

Ƙofar ɗakin kudu a buɗe. Tabarmi da littattafai da zannuwa an baza su a rana. Takalman an wanke su, suna kan katanga inda tsuntsuwar ke tsayawa. Idon Hasiya ya kumbura, amma ɗankwalinta a ɗaure yake tamau irin na ranar aiki. Ta ce, "Malam, in ka huta ka kira mini Daniyel. Jakin Garba yana ɗingishi, tun shekaranjiya nake kallonsa, mai shi ko a jikinsa. Kuma ka zo ka faɗa mini waɗanne littattafan ne naka, don na ga ta kwashe maka da yawa."

Kujerata tana gindin dogon yaro, an kankare ta, an wanke. An mayar da ni kan mulki, ba sanarwa.

Na rubuta a nan cewa za ta koma ɗaki. Ban faɗi daidai ba.